Yadda ma'aikacin wucin gadi a tashar nukiliya ta Amurka zai nemi haƙƙinsa idan an yi masa bi-ta-da-ƙulli

Amurka na da tukwanen nukiliya fiye da 90 masu aiki, kuma su ke ba ƙasar kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar lantarkinta. Duk wata 18 zuwa 24 akan kashe tukunya a sauya wani ɓangare na makamashinta, a kuma yi gyare-gyaren da ba sa yiwuwa tana kunne. Ma'aikata na kiran wannan zango awtej. Yawanci yana faɗowa tsakanin Maris da Mayu, ko tsakanin Satumba da Nuwamba, lokacin da buƙatar wuta ke ja da baya. A 'yan makonnin nan tasha kan cika maƙil da ɗaruruwan baƙin ma'aikata, wani lokaci ma fiye da dubu: masu walda, masu haɗa bututu, kafintocin da ke kafa dandamalin hawa, masu aikin waya, lebarori, da masu auna tururin nukiliya. Kamfanonin kwangila ne ke kawo su, aiki na ƙarewa kowa ya kama gabansa zuwa wata jiha.

Waɗannan mutane su ne ke leƙa wuraren da ido ba ya kaiwa sai an kashe tukunya. A irin wannan zango ne, cikin Maris na 2002, aka gano a tashar Davis-Besse da ke jihar Ohio cewa sinadarin boric ya cinye murfin tukunyar, ya bar rami, abin da ya rage tsakanin ruwan ciki da waje bai kai kaurin rabin inci ba. Saboda haka bakin ma'aikacin kwangila abu ne da lafiyar jama'a ta rataya a kansa. Sai dai shi ne kuma ya fi kowa sauƙin kawarwa. Ma'aikacin dindindin sai an nemo dalili kafin a kore shi. Na wucin gadi kuwa dama sallama na jiran sa, abin da kawai za a yi shi ne a matso da sunansa sahun farko, sannan zango mai zuwa a ƙi kiran sa. Babu wanda zai furta kalmar kora. Duk shari'ar ɗan kwangila a kan wannan gaɓa take juyawa: ta yaya za ka nuna cewa sallamar da ta yi kama da ta kowa, taka daban ce?

Dokar da ka dogara da ita

Ita ce sashe na 211 na Dokar Sake Tsarin Makamashi ta 1974, wadda lauyoyi ke taƙaitawa da ERA. A kundin dokokin tarayya lambarta 42 U.S.C. 5851, kuma yana da kyau ka riƙe lambar don rubutawa a takardar ƙorafi. Ta hana mai lasisin tasha, da ɗan kwangilarsa, da ƙaramin ɗan kwangilar da ke ƙarƙashin wancan, su kori ma'aikaci ko su nuna masa bambanci a albashi ko sharuɗɗan aiki saboda ya yi magana a kan abin da ya shafi kiyaye haɗarin nukiliya. Ba ta gindaya tsawon lokacin aiki ba. Wanda aka ɗauka na mako 3 da wanda ya shekara 20 duk ɗaya ne a gabanta. Ƙa'idojin Ma'aikatar Ƙwadago da ke aiwatar da ita, wato 29 CFR sashe na 24, sun ambaci razanarwa, barazana, horo, da sanya sunan mutum cikin jerin waɗanda ba za a ƙara ɗauka ba.

Abubuwa biyu kan fitar da mutum daga inuwarta. Na farko, doka ta ce "ma'aikaci". Wanda kamfani ke biya albashi yana cire masa haraji, mai karɓar takardar W-2, ba shi da matsala. Wanda ake biya a matsayin mai zaman kansa da takardar 1099, sai ya fara nuna cewa a zahiri kamfanin ne ke juya shi: shi ke sa masa lokaci, shi ke ba shi kayan aiki, shi ke faɗa masa yadda zai yi. Na biyu, wanda ya karya ƙa'idar nukiliya da gangan, ba tare da umarnin na gaba da shi ba, doka ta ce ba ruwanta da shi. Kada ka taɓa barin wata ɓarna a fili, ko ka tsallake wani mataki, don kawai ka nuna wa shugabanni cewa tsarinsu na da ɓaraka. Wannan dabara ta sha cin masu ita.

Irin maganar da ake karewa, da yadda za ka yi ta

Ba sai ka kai ƙara wajen gwamnati ba. Tun gyaran da aka yi wa dokar a 1992, faɗa wa foman ko manaja ya wadatar. Haka ƙin yin aikin da ya saɓa ƙa'ida, muddin ka bayyana wa mai aikin abin da kake ganin ya saɓa. Haka ba da shaida ko taimaka wa masu bincike. Ba kuma dole ne a ƙarshe ta tabbata kai ke da gaskiya ba, abin nema shi ne mai hankali da ya san sana'ar zai iya ɗaukar abin a matsayin matsala.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne maganar da ba ta da kai. A 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta 6, a shari'ar kamfanin American Nuclear Resources, ta yanke cewa ƙorafin wani ɗan kwangila a tashar Cook da ke Michigan bai samu kariya ba, domin bai nuna takamaiman matsalar kiyaye haɗari ba. Ɓacin rai da masu auna tururi, ko cewa "wurin nan ba su san aikinsu ba", ba zai riƙe ka a kotu ba. Kwatanta da shari'ar kamfanin Bechtel ta 1995 a kotun shiyya ta 11. Wani kafinta ne a tashar Turkey Point da ke Florida ya dage a kan hanyar da ya kamata a bi wajen auna kayan aikin da suka gurɓata da liƙa musu alama. Aka sallame shi da sunan rage ma'aikata. Kotu ta tsaya masa, kuma cikin abubuwan da suka kayar da kamfanin akwai yadda ya riƙa sauya dalilin sallamar daga wannan zuwa wancan.

Don haka maganarka ta ƙunshi abu huɗu: wane wuri ko wace na'ura, wace ƙa'ida ko lambar tsarin aiki aka saɓa, yaushe, kuma me zai iya biyo baya. A maimakon "ana gaggawa da yawa", ka ce: "An sa hannu cewa an duba waldar bututu mai lamba kaza ranar Talata da dare, alhali mai dubawa bai shigo wurin ba, kuma tsarin aiki ya ce a tsaya sai ya gani."

Kowace tasha na da tsarin shigar da rahoton matsala a kwamfuta, wanda ƙa'idar NRC, hukumar gwamnatin tarayya mai sa ido kan tashoshin nukiliya, ta wajabta a kan abubuwan da suka shafi inganci. Ɗan kwangila na da ikon shigar da rahoto ko ya sa a shigar masa. Yi amfani da shi. Rahoton na fita da lamba da kwanan wata, kuma washegari shugabanni ke zama su tace shi, abin da ke rufe ƙofar "ba mu san ya yi magana ba". Idan ba ka da damar shiga kwamfuta, ka faɗa wa foman a gaban mutum biyu, sannan ka tura masa saƙon waya a ranar: "Kamar yadda na faɗa maka da safe game da bawul mai lamba kaza." Akwai kuma ofishin sauraron koken ma'aikata da yawancin tashoshi ke da shi, wanda ba ya ƙarƙashin foman ɗinka. Yana da amfani, amma ka tuna ofishin kamfani ne, kuma kai masa kuka ba shigar da ƙara ba ne.

Gajiya ma na cikin lamarin, kuma 'yan kwangila kan raina ta. Ga masu gyaran na'urorin da amincin tasha ya dogara da su, da masu gadi, da wasu rukunai, ƙa'idar 10 CFR sashe na 26 ta hana wuce awa 16 cikin 24, ko 26 cikin 48, ko 72 cikin kwana 7, ta kuma buƙaci hutun awa 10 tsakanin aiki da aiki. Wanda ƙa'idar ta shafa na da ikon cewa ya gaji, ba zai iya ci gaba lafiya ba. Idan aka hukunta shi a kan haka, maganar ta shiga hurumin wannan doka.

Hujja: ba a fafe gora ranar tafiya

Ranar sallama takan zo ne kamar haka. An gama aikin dare, ƙarfe 6 na safe, foman ya kira sunaye biyar ko shida a ɗakin hutu. A cikin awa ɗaya ka bi ta na'urar auna jiki, ka miƙa na'urar da ke lissafa tururin da ka ɗauka, ka ajiye baji, wato katin shiga tasha, a wajen masu gadi. Kafin ka isa wajen ajiye motoci an rufe shigarka kwamfuta. Saƙonnin imel ɗin kamfani, lambar rahotonka, jadawalin aiki, sunayen abokan aikin da ka sani da laƙabi kawai, duk sun koma bayan shingen da ba za ka ƙara tsallakawa ba. Abin da ba ka tanada kafin wannan safiya ba, sai ta hannun lauya, bayan watanni.

Ka sayi ƙaramin littafi, ka riƙa rubutu a masauki kullum bayan an tashi. Kwanan wata, lokaci, wa ya ce me, wa ke tsaye. Rubuta lambar kowane rahoton matsala da ka shigar. Rubuta cikakkun sunaye da lambobin wayar abokan aiki tun yanzu, domin mako biyu bayan an watse ɗaya na Texas, ɗaya na Carolina. Ajiye takardar ɗaukar aiki, musamman idan ta nuna ranar da ake sa ran gamawa, da takardun albashi, da duk wani saƙon yabo ko alkawarin "za mu neme ka a zango na gaba". Irin wannan saƙo na kafin ka yi magana yana da nauyi ƙwarai, domin yana nuna yadda ake kallon ka kafin fuska ta sauya.

Abin da ya fi komai amfani ga ɗan wucin gadi shi ne tsarin sallama. Su wa aka sallama tare da kai? Su wa aka bari? Wanda aka bari ya riga ka zuwa, ko ka riga shi? Yana da takardun ƙwarewar da kake da su? Aikin da kake yi ya ƙare, ko wani aka ɗora a kai? An kawo sababbin mutane bayan tafiyarka? Idan ƙungiyar ƙwadago ce ta turo ku, me yarjejeniyarta ta ce game da wanda ake fara sallama? Waɗannan tambayoyi su ne shari'ar.

Akwai kuma abin da bai kamata ka taɓa ba. Bayanan tsaron tasha, irin su tsarin masu gadi da wuraren kyamarori, doka ta musamman ke kare su, kuma fitar da su laifi ne mai zaman kansa. Ɗaukar hoto a cikin shinge ba da izini ba, ko kwashe takardun kamfani, na ba su dalilin kora na halal, su kuma rataya komai a kansa. Naɗar magana a ɓoye ma haka: a jihohi irin su Florida, Pennsylvania, Illinois da California doka na buƙatar yardar duk masu maganar. Lambar takarda da kwanan watanta sun ishe ka, lauya zai nemo ainihinta ta hanyar shari'a.

A ranar tafiya ka nemi abu uku. Takardar da ke nuna dalilin sallama, da ko an rubuta cewa za a iya sake ɗaukar ka. Rahoton yawan tururin da jikinka ya ɗauka, wanda ƙa'idar 10 CFR 19.13 ta ba ka ikon nema lokacin barin aiki. Sannan ka tambaya a fili yadda aka rufe bajinka, cikin lumana ko da tabo. Wannan na ƙarshe shi ne wanda zai iya kashe maka sana'a baki ɗaya. Tashoshin ƙasar na musayar bayanan izinin shiga ta wata ma'ajiya guda da ake kira PADS, kuma idan wata tasha ta rubuta cewa ta janye izininka bisa wani dalili, kowace tasha za ta gani. Ƙa'idar 10 CFR 73.56 ta ce dole a sanar da kai dalilin, a ba ka damar kawo ƙarin bayani, a kuma sake duba hukuncin. Wa'adin neman wannan dubawa gajere ne, yana cikin wasiƙar da za su ba ka, kada ka bari ya wuce. Idan kuma aka miƙo maka takarda a ce sa hannu ka karɓi kuɗin sallama, ka ce za ka tafi da ita ka karanta.

Kwana 180, kuma a ofishin OSHA

Nan ne mafi yawan masu gaskiya ke faɗuwa. Ƙorafin bi-ta-da-ƙulli ana shigar da shi ne a OSHA, hukumar kula da lafiyar wurin aiki ta Ma'aikatar Ƙwadago, cikin kwana 180. Lissafi na farawa daga ranar da aka sanar da kai hukuncin, ba ranar da ka karɓi albashin ƙarshe ba. Kai kuka ga NRC bai tsayar da wannan agogo ba. Koken ƙungiyar ƙwadago bai tsayar da shi ba. Binciken ofishin koken ma'aikata bai tsayar da shi ba, ko da sun ce maka ka yi haƙuri suna dubawa. Vera English, wadda shari'arta da kamfanin General Electric ta kai Kotun Ƙoli a 1990, ta rasa ƙorafinta na tarayya ne saboda makara, a lokacin da wa'adin yake kwana 30 kacal.

Duba yadda tarkon yake ga ɗan awtej. A ce an sallame ka ranar 7 ga Afrilu. Kwana 180 na cika ranar 4 ga Oktoba. Kai kuwa ka yi shiru duk tsawon bazara, kana jiran ka ga ko za su kira ka aikin Satumba, don kada ka ɓata tsakaninka da su. Sai tsakiyar Oktoba ka tabbatar an yi ba da kai. A lokacin sallamar Afrilu ta riga ta kuɓuce. Rubuta ranar cikar wa'adin a bangon littafinka tun daren farko, ka kuma sa wa kanka iyaka wata guda kafin ta.

Wani tarkon kuma: ba kowane haɗari ne na nukiliya ba. Idan kukanka a kan dandamali mara shinge ne, ko zafi, ko igiyar ɗaure jiki, wannan na ƙarƙashin sashe na 11(c) na dokar lafiyar wurin aiki, kuma wa'adinsa kwana 30 ne. A misalinmu, 7 ga Mayu ke nan. Sau da yawa koke ɗaya na taɓa ɓangarorin biyu, kamar dandamalin da aka kafa jingine da na'ura mai muhimmanci. Mafi aminci shi ne ka shigar cikin kwana 30, ka ambaci dokokin biyu.

Shigarwa ba ta da kuɗi, ba ta buƙatar lauya, ba ta da wani fom na dole. Za ka iya cikewa a shafin OSHA na intanet, ko ka aika wasiƙa, ko ka kira 1-800-321-6742, ko ka je ofishinsu. Ƙa'ida ta ce wanda ba zai iya da Turanci ba, za a karɓa da kowane harshe, don haka wanda Hausa ta fi zama masa a baki na iya rubutawa da ita. Shawararmu a yi a rubuce, a ajiye shaidar ranar aikawa. Ka jera abin bi da bi: ranar da ka fara aiki, abin da ka gani, wanda ka faɗa wa da yaushe, abin da ya sauya bayan nan, ranar sallama, su wa aka bari.

Sa sunan kamfanin da ke biyan ka albashi. Idan akwai alamar hannun masu tashar, misali su ne suka ce a cire ka ko suka janye baji, sa su ma tun farko. In ba haka ba kowa zai nuna ɗan'uwansa: kamfanin kwangila ya ce masu tasha ne suka ce ba sa son ka, masu tasha su ce ai ba ma'aikacinsu ba ne. Ƙara suna bayan wa'adi ya wuce abu ne mai wuya.

Ƙofar NRC daban take

Kowace tasha na da sufetocin NRC da ke zaune a cikinta, yawanci aƙalla biyu, kuma kana da ikon ganin su a keɓe. Lambobinsu da bayanin haƙƙinka na kan takardar da ake kira Fom 3, wadda dole a liƙa inda ma'aikata ke wucewa. Layin hukumar na kai rahoto shi ne 1-800-695-7403. NRC na bincikar matsalar kanta, tana kuma iya cin tarar mai lasisi a ƙarƙashin 10 CFR 50.7, har a kan abin da ɗan kwangilarsa ya aikata. Amma ba ta mayar da kowa bakin aiki, ba ta kuma sa a biya ka ko dala ɗaya. Wannan aikin Ma'aikatar Ƙwadago ne. Ka ƙwanƙwasa ƙofofin biyu.

Ka san abu biyu kafin ka kira. Idan matsalar na'ura kawai ka kai, suna ƙoƙarin ɓoye sunanka, ko da yake a ƙungiyar mutum shida ba wuya a gane wanda ya yi magana. Idan kuwa bi-ta-da-ƙulli kake so su bincika, ba makawa sai sun bayyana sunan. Sannan suna iya yi maka tayin sulhu ta hannun mai shiga tsakani kafin su fara bincike. Hanya ce mai sauri, tana kuma dacewa da wanda babban burinsa a share masa suna ya koma aiki. Sai dai idan aka sasanta, binciken nuna bambancin ya tsaya nan. Kuma zaman sulhun bai dakatar da kwana 180 ɗin OSHA ba.

Abin da za ka tabbatar, da abin da za su tabbatar

Doka ta sassauta maka. Ba sai ka nuna cewa maganarka ce kaɗai dalilin sallama ba, ko ita ce babba. Ya isa ka nuna tana cikin abubuwan da suka taimaka. Idan ka yi haka, nauyi ya koma kan kamfani ya kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa cewa ko ba ka ce uffan ba, da abin da zai yi ke nan. Wannan ma'auni ne mai tsauri, amma a shari'ar ɗan wucin gadi kamfani na da makami a hannu: "aiki ya zo ƙarshe, mun sallami mutum 200 a makon." Amsarka ita ce kusancin lokaci, da tsarin sallamar da ka rubuta, da sauyin dalilai. Idan foman ya ce maka rage ma'aikata ne, wasiƙar kamfani ga OSHA ta ce jinkirin aiki ne, a gaban alƙali kuma aka ce rashin ladabi ne, kowane sauyi riba ce gare ka. Shi ya sa ake son dalilin farko a rubuce.

Ƙin sake ɗauka laifi ne mai zaman kansa, da nasa sabon wa'adin kwana 180, amma yana da wuyar tabbatarwa. Dole ka nuna ka nemi aikin da gaske, ka cancanta, an ƙi ka, an ɗauki wasu ko an ci gaba da nema, kuma mai yanke hukuncin ya san ka taɓa yin magana. Jiran kira a gida ba neman aiki ba ne. Duk zango ka aika takardar nema a rubuce, ko ka sa sunanka a jerin ƙungiya, ka ajiye amsar ko rashin ta.

Bayan an shigar

OSHA za ta aika wa kamfani ƙorafin, ta ba shi kwana 20 ya amsa, mai bincike ya tattauna da kai da shaidu. Doka ta ɗiba wa binciken kwana 30, a aikace yakan ɗauki watanni masu yawa. Kai mai yawo ne daga jiha zuwa jiha, don haka ka ba su adireshin da ba ya sauyawa da imel ɗin da kake dubawa, domin daga ranar da sakamako ya iso kwana 30 kawai gare ka ka ƙi amincewa ka nemi zama gaban alƙalin Ma'aikatar Ƙwadago. Idan OSHA ta kori ƙorafinka kada gwiwarka ta yi sanyi. A gaban alƙali sabuwar shari'a ake yi daga tushe, kuma a nan ne lauyanka zai iya tilasta musu fito da saƙonnin imel, da jerin sallama na farko da na biyu, ya kuma yi wa foman tambayoyi bisa rantsuwa. Idan ba ka ɗauki lauya tun farko ba, wannan ne matakin da bai kamata ka shiga kai kaɗai ba. Ka nemi wanda ya taɓa yin shari'ar ERA, domin fage ne ƙarami.

Hukuncin alƙali ana ƙalubalantar sa a gaban hukumar bita ta ma'aikatar cikin ranakun aiki 10, daga nan kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya cikin kwana 60. Tun gyaran 2005, idan shekara guda ta cika ba a yanke hukuncin ƙarshe ba, kuma ba kai ka jawo jinkirin da mugun nufi ba, kana iya ɗauke shari'ar zuwa kotun tarayya a fara sabuwa, bayan ka ba da sanarwar kwana 15. Wasu jihohi kuma na da nasu dokokin, kuma hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar English ya nuna dokar tarayya ba ta toshe ƙarar da ta shigar a ƙarƙashin dokar jiha ba. Wa'adinsu daban ne, a tambayi lauya da wuri.

Me za ka samu

Mayarwa bakin aiki, albashin da ka rasa, diyyar cutarwa kamar damuwa da ɓacin suna, da kuɗin lauya. Gara ka san gaskiyar lissafin tun yanzu. Albashin baya na ɗan wucin gadi yakan tsaya ne a ranar da dama za a sallame shi. A ce ana biyan ka dala 40 a awa, kana yin awa 72 a mako, awa 32 na sama ana biyan su dala 60. Mako ɗaya dala 3,520 ke nan. Idan an sallame ka mako 3 kafin abokan aikinka, asarar ta kama dala 10,560, a cire abin da ka samu a wani wuri cikin makonnin. Ana kuma sa ran ka nemi wani aikin, ka ajiye shaidar nema. Adadin na ƙaruwa sosai ne kawai idan ka nuna ka saba dawowa zango bayan zango, sannan aka daina kiran ka. Takardun albashi da na haraji na shekarun baya su ne za su nuna haka.

Saboda wannan, a wajen sulhu abin da ba kuɗi ba yakan fi kuɗin daraja. Ka nemi a gyara takardarka ta koma "za a iya sake ɗauka", a gyara bayanin izinin shiga idan an ɓata shi, a kuma amince a rubuce da abin da za a faɗa wa duk kamfanin da ya kira yana tambaya a kanka, da sunan ofishin da zai amsa kiran. Ka lura da sharaɗin da ke cewa ba za ka ƙara neman aiki a kamfanin ko rassansa ba. A sana'ar da manyan 'yan kwangila ba su da yawa, sa hannu a kan wannan na iya rufe maka tashoshi da dama a lokaci guda. Sulhun da aka yi bayan an shigar da ƙorafi sai Ma'aikatar Ƙwadago ta duba ta amince. Duk sharaɗin da zai hana ka magana da NRC kuwa, ƙa'idar 10 CFR 50.7(f) ta haramta shi, ko a takardar sulhu yake ko a ta ɗaukar aiki. Idan ka gan shi, ka ja masa layi, ka nuna wa lauyanka da sufeton NRC kafin alƙalaminka ya taɓa takardar.